Zurfin Maginin Rijiya

Lokacin da maginin rijiyar nan na Gidan Sori ya nemi aurena, Baba ya aiki kawuna ya binciko halinsa. Ya dawo a kan babur da la'asar, ina daka a bayan zana ina jin su.

"Mutumin yana da zurfi," in ji Kawu.

Inna ta ajiye faifai. "Wane irin zurfi, Yaya? In zurfin ciki ne, ɗiyata ba ta iya zama da mai ɓoye magana. In zurfin karatu ne, ai ko makarantar lakol bai yi ba."

Kawu ya ce abin da ya gani kawai zai faɗa. Ya tarar ana ginin wata rijiya, an cim ma ruwa a zurfin gaba goma, mutanen gari suna cewa ya isa, shi kuwa maginin ya ƙi fitowa sai da ya ƙara gaba biyu, don kada rijiyar ta ƙafe da rani.

Baba ya ce wannan zurfin tunani ne, a gaya wa danginsa su zo. Ni dama na riga na zaɓa. Bayan kaka aka kai ni ɗakinsa a amalanke, kuma ban taɓa da-na-sani ba.