Ludayin da Na Kife

Ni dai na gaji da a ce ina da harshe. Tun ban isa ɗaukar tulu ba aka liƙa mini wannan aiki a gidanmu na Gwaram: duk kunun zaƙin da Inna ta dama, sai ya bi ta bakina kafin ya fita ƙofar gida. Inna mahaifiyata ce, kuma a unguwarmu ba a suna ko biki ba a kawo mata dawa ta dama ba. Da jar dawa take yi, da tsironta, ba ta yarda da ɗura suga. Mace ce da za ta kurɓi kunun wata ta ce, "Wannan ruwan wanke turmi ne," a gaban mai shi.

Ba ta son surutu wajen ɗanɗano. Za ta miƙo mini ludayin duma cike. In kunu ya yi, in shanye in kife ludayin a kan faifai. In da gyara, in rage, in ajiye shi a buɗe. Sai ta ce, "Ina?" In ce gaba, ko tsakiya, ko baya, wato inda laifin ya taɓa ni tsakanin bakin harshe da maƙogwaro. Iyakar maganar ke nan, ita ta san sauran.

Wata Laraba na dawo daga makarantar da nake koyarwa a Birnin Kudu, ƙafafuna sun kumbura, ko mayafi ban cire ba, sai ga wayar Yaya, babban wanmu. Ranar Asabar sunan jikarsa, kuma Inna ta rantse ita za ta dama kunun.

"Ki zo ki ɗanɗana," in ji shi. "Tun zazzaɓin da ta yi da damina bakinta ya mutu, idon ma ga shi nan dai. Abin da take damawa yanzu ba ya shawuwa. Mu ba mu isa mu faɗa ba. Ke kaɗai take ji."

Na ce, "Wato ku kun ƙi ɗaukar jakar tsaba, ni kaji za su bi ke nan."

Ya ce in yi haƙuri. Kullum ni ce mai haƙuri.

Juma'a bayan an tashi daga makaranta na tafi tasha. Muka zauna jiran bas ta cika har bayana ya ƙage, sannan wata mai zuwa Basirka ta ɗora mini buhun barkononta a cinya, na yi ta atishawa har Gwaram. Na tarar Inna ta riga ta dama, ta zuba ɗanyen ƙullun da tsiro, ta rufe manyan tukwane biyu su kwana. Ta ƙanƙance, zanin ma ya yi mata yawa. Matar Yaya ta ja ni gefe ta nuna mini zoɓon da ta tanada a ɓoye. Ta ce in dai na faɗa da safe cewa kunun bai yi ba, kafin azahar za ta haɗa zoɓon, baƙi ba za su san an yi ba.

Da hantsi aka gama tacewa. Inna ta sa aka ɗebo a ƙwarya, ta cika ludayin da kanta, ta miƙo. Matan gidan kowacce ta sami abin yi kusa da mu.

A ido, wallahi, ba shi da makusa. Ja ne mai duhu kamar lalle ya kama, da 'yar kumfa a gefe. Ƙamshin citta da kanumfari ya riga kunun isa hancina. Na kurɓa. Gaba lafiya lau, zaƙin tsiro ne mai sanyi, irin wanda ba ya gundura. Tsakiya masoro ya ɗan tsikare ni, daidai yadda take so. Har na fara cewa a raina Yaya sharri ya yi mata. Sai baya ya zo. Ɗaci ya kama maƙogwarona ya ƙi saki, na haɗiyi yawu sau biyu yana nan. Nan take na san kimba ce, an niƙa ta da 'ya'yanta. Ita Innar ce ta koya mini fasa kimba a tsince 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, a bar ɓawon kawai, don ɗan ɗacin da yake sa mutum ya nemi ƙari. Yanzu idonta bai ga 'ya'yan ba, bakinta kuma bai ji su ba.

Ta zuba mini ido. Hannuwanta jajir da tata, ta ɗora su a gwiwa kamar ɗaliba mai jiran sakamako. Tausayinta ya kama ni, ga gajiya, ga haushin mutanen gidan da suka bar mini wuƙa da nama. Na rufe ido na shanye, na kife ludayin.

Inna ta yi dariya har da tafi. "To kun gani! Kuna ta ƙus-ƙus, kun ɗauka ban ji ku ba." Matar Yaya ta dube ni sau ɗaya, ta shige ɗaki.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan azahar mata suka cika gida, aka bi su da kofuna. Kowacce ta kurɓa ta ce, "Sannu da aiki, Inna, hannu na nan," sannan ta tura kofin bayan tabarma. Duk ina kallo. Da la'asar aka tattaro kofunan, Inna ta ce ita za ta zauna wajen wanke-wanke, ba ta gaji ba. Idonta ba ya gani sosai, amma hannu ya san nauyi. Ta ɗaga na farko, ta ɗaga na biyu. Ta bi su duka tana juyewa a bokitin awaki, har bokitin ya cika.

Sannan ta ce, "Ke, zo nan."

Na je na durƙusa.

"Ina?"

"Baya, Inna. Kimba ce."

"Tun da safe kin ji?"

"Na ji."

Ta daɗe tana goge hannu da gefen zani. "Su baƙi ne, dole su yi mini kara. Ke ba don kara na ajiye ki ba. Da kin bar ludayin a buɗe, da a ɗaki zan ji kunyata, daga ni sai ke."

Na tashi na kai wa awaki bokitin. Lahadi na koma Birnin Kudu, ɗacin bai gama barin maƙogwarona ba.

Ba ta sake dama kunu ba. Matar Yaya ce take yi yanzu, da suga, kuma ana shanyewa. Ina zuwa Gwaram duk ƙarshen wata. Inna takan sa a kawo mini ruwa, a kawo tuwo, ta tambayi yara da makaranta da ciwon ƙafata. Ko gishirin miya ba ta ƙara tambayata ya ya yi ba.