Awa Ɗaya ta Marcelline

Duk wanda ya bi hanyar keke ta gefen kanal ɗinmu, haƙaƙƙen kogin nan da jiragen ruwa ke bi, a shekarun nan ya ga Marcelline Gauthereau, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar matar nan mai shuɗiyar riga da ke tsaron ƙofar ruwa ta goma sha bakwai, tsakanin gonakin inabi da makiyayar fararen shanu. Jirgi ya zo, ta rufe ƙofa a bayansa, ta murza ƙarfe har ruwa ya ɗaga shi ko ya sauke shi, sannan ta sa ƙugu ta tura ɗaya ƙofar ya wuce. Shekara talatin da ɗaya tana wannan, kafaɗarta ta dama har ta fi ta hagu tudu.

A cikin jirgin kaya aka haife ta, a cikin jirgin kaya ta yi aure. Mijinta Firmin matuƙi ne, mai dakon itace da yashi, mutum mai baƙar zuciya a kan abu ɗaya: mai tsaron ƙofar da ya makara. Ya sha tsayawa a kan jirginsa yana zazzaga wa dattawa ruwan ashar don sun bar shi yana jira minti biyar. Da manyan motoci suka kashe kasuwar jirage, hukuma ta ba Marcelline ƙofar nan, tare da ɗan gidan dutse da ke jikinta. Gidan na aikin ne. Ranar da ka bar ƙarfen, ranar za ka miƙa mabuɗi. Su kuwa ba su da ko taku ɗaya na ƙasa a duniya.

Dokar aikin ba ta da tsawo. Daga watan huɗu zuwa na goma, kwana bakwai a mako, ƙofa a buɗe take daga tara na safe zuwa bakwai na yamma. Ƙarfe goma sha biyu zuwa ɗaya kowa ya ci abinci, don a ƙasar nan ko gobara ce ta tashi sai an tashi daga kan tebur. In jirgi ya busa ƙaho bayan ɗaya bai same ka ba, takarda za ta tafi wurin mai duba ƙofofi. Takarda uku, ka kwashe kayanka.

Hanyar da dawaki ke bi da can suna jan jirage ita aka shimfiɗa wa kwalta aka bar wa masu keke. Ba mota, ba babur. Suna wucewa garke-garke, da gajerun wanduna masu matse cinya da jakunkuna a rataye, wasu da furfura, wasu da jarirai a 'yar amalanke. Su tsaya su roƙi ruwan sha, su tambaye ta nisan gari na gaba, su ce teku suka nufa. Ta cika musu gora ta nuna musu hanya da haɓa. Ita da ta yi yawon rabin ƙasar nan a ruwa, yanzu iyakarta inda ƙahon jirgi ke kaiwa.

Sai Firmin ya faɗi a gonar kabeji, rabin jikinsa ya shanye, magana ta tafi sai 'yan kalmomi. Gidan yana da matattakala kamar tsani, ga ruwa mai zurfi a bakin ƙofa. Dole aka kai shi gidan tsofaffi da ke garin Varzelle, kilomita bakwai a gefen kanal. Gidan kuwa yana rufe wa masu ziyara ƙofa da ƙarfe shida, ita tana tashi bakwai. Gaba kura, baya siyaki. Abin da ya rage mata awar tsakar rana ce kawai.

Tun daga nan ba ta ƙara cin abincin rana a zaune ba. Agogon coci na buga sha biyu tana kan baƙin kekenta, da kwanon miyar albasa a kwando, a naɗe da tawul. Shekarar farko minti ashirin da biyu ke kai ta, ashirin da biyu su dawo da ita, sha shida na Firmin. Ta ba shi miya a baki, ta goge masa gemu, ta gaya masa jiragen da suka wuce. Amma jiki magayi. Gwiwa ta fara ƙara, numfashi ya fara gajarta, ga masu yawon nan da ke jerawa uku-uku suna kallon agwagi, sai ta yi ta kaɗa ƙararrawa kafin su kauce. Sha shida ya koma goma. A shekara ta biyar ya koma shida.

Léonce, mai tsaron ƙofa ta sha takwas, yakan ɗaga mata cokali daga bakin tagarsa.

"Kai, Marcelline! Wa ya biyo ki? Ko gasar tsere kika shiga ba mu sani ba?"

"Ci abincinka, tumbi! Wata rana sai ƙofarka ta kasa rufuwa saboda cikinka."

Tana zaginsa tana wucewa, ko waiwaye babu, don waiwaye ma lokaci ne.

A watan takwas na wannan shekarar likita ya tare ta a baranda, ya cinye mata biyu daga cikin mintocinta shida. Ya ce zuciyar Firmin ta gaji, kada ta sa rai zai kai lokacin sanyi, lokacin da ake rufe kanal ta samu ta yini da shi. Ta dawo tana tuƙi tana kuka, hawaye na shiga mata kunne saboda iska. Kwana uku tana juya maganar. Shekara uku suka rage ta yi ritaya, amma me za ta yi da gidan dutse in babu wanda za ta ba labarinsa? Ta yanke shawara: za ta zauna da shi, gida ya tafi, takarda ta yi ta tafiya.

Ranar Alhamis ta isa sha biyu da minti ashirin da bakwai. Ta zauna, abin da ta manta yadda ake yinsa a ɗakin nan. Har takalmi ta cire. Ta ba shi miya a hankali, tana hura kowane cokali. Akwai agogo a bango, saitin gadonsa. Da dogon hannun ya wuce inda ta saba miƙewa, Firmin ya dubi agogon, ya dube ta.

"Lokaci," ya ce da gefen baki.

"Na gani, tsoho. Yau ba inda za ni. Buɗe bakin."

Ya datse haƙora. Ta kai cokali, ya kawar da kai.

"Jirgi," ya ce. "Jirgi na jira."

"Ya jira! Shekara talatin ina jiransu, yau su ma su ɗanɗana. Firmin, ni ce fa. Na zo in zauna da kai."

Hali zanen dutse. Mutumin da ya manta sunan ƙanwarsa, ya manta yadda ake ɗaura maɓalli, bai manta wannan ba. Fuskarsa ta yi ja, hannunsa mai lafiya ya hankaɗe kwanon, miya ta watsu a kan zanen gado. Kalmomin da aka ce sun mutu suka dawo, duk munanan.

"Malalaciya! Wace irin mai tsaro ce ke? Tashi! Fita!"

Ma'aikaciyar jinya ta shigo da gudu, ta duba shi, ta riƙe Marcelline a kafaɗa.

"Madam, don Allah ki tafi. Zamanki ne ke tayar masa da hankali, kuma kin ji abin da likita ya ce."

Ta sa takalminta a baranda. Ba ta taɓa jin wulaƙanci da baƙin ciki irin na ranar ba, kuma ba ta da wanda za ta yi wa fushi.

Biyu saura kwata ta iso ƙofarta, tana jiran ta tarar da jirgi da mai shi yana kumfar baki. Jirgin dai ya zo, amma ta hango bayansa ne yana tafiya. Wasu masu keke su huɗu, baƙi daga arewa, sun gaji da kallonsa yana jira, suka ɗauki ƙarfenta daga inda take rataye shi suka yi aikin. Ta duba ƙofofin, ta duba ruwan. Komai daidai, ko ɗigo bai ɓace ba. Wata doguwa mai jar hula ta miƙo mata ƙarfen tana dariya.

"Madam, ki yi haƙuri, mun yi miki karambani. Ashe abin ba wuya! Mun ji daɗi wallahi."

Marcelline ta karɓi ƙarfen ta mayar da shi marataya. Ba wanda ya rubuta takarda, ba wanda ma ya san ba ta nan.

Washegari ta koma. Ta ba shi cokali biyar a tsaye, da dogon hannun agogo ya kai wurinsa ta rufe kwano ta ɗauki tawul. Firmin ya gyaɗa kai, ya kama yatsunta ya matse, abin da ya shekara bai yi ba.

"Yawwa, tsohuwa," ya ce.

Haka suka ci gaba, minti shida-shida, har ganye ya fara zuba a kan hanya. Ranar wata Talata a watan goma, da ƙarfe huɗu na yamma, wayar gidan ta yi ƙara, ta shiga ta ɗauka, aka gaya mata Firmin ya cika. A lokacin akwai jirgi a cikin ƙofa, ruwa ya sauke shi rabi. Ta ajiye wayar, ta fito ta kama ƙarfe, sai da ta gama sauke shi ta tura masa ƙofa ya wuce. Saura awa uku a tashi, kuma ta hango wani jirgin yana tahowa.