Rubutun Kawu Vernon a bangon mutane

Kai, in ka shiga kasuwa ka tarar ana sayar da rubutun hannun mamacinka me za ka yi? Ku tsaya ku ji abin da aka yi wa Anti Glenda ƙanwar babana.

Shekara goma sha ɗaya tana yin akwatunan tunawa a garejin gidanta nan garinmu a jihar Indiyana ta Amurka. Akwatin katako ne mai zurfi da gilashi a gaba, a rataya a bango. Mutane su kawo takalmin jariri ko busasshen furen aure ko hular kakansu ta jera a ciki. Amma rubutu ne ya sa aka san ta. Ka kawo tsohuwar takarda da hannun mutuminka, ta ɗauka a kwamfuta, inji ya yanko shi a sitika sak yadda yake, ta zauna da allura tana tsince rarar, ta manna a gilashi ta ciki. Ba ta taɓa yi wa mutum biyu rubutu ɗaya ba, cewa take hannun mutum ba riga ba ne da za a ara.

Na farko da ta yi nata ne. Mijinta Kawu Vernon direban tirela ne, ranar fitarsa ta ƙarshe ya liƙa mata takarda a firji, "Ki bar min fitilar ƙofa a kunne, ina hanya." Yana kan hanya zuciyarsa ta buga, ya rasu. Bahago ne, layin duk ya karkace kamar zai faɗi. Akwatin a ɗakin kwananta yake, ko mu ba kullum muke ganinsa ba.

To sai Charlene. Ƙawarta tun firamare, coci ɗaya, benci ɗaya. Bara aka sallame ta daga aiki, Anti ta ce "zo in koya miki 'yar'uwa, zaman banza ba naki ba ne." Ta koya mata komai, da aka yi wa Anti aikin gwiwa har kwamfutar ta ba ta aro sati uku, da duk rubutun da ta ɗauka a ciki.

Asabar ɗin nan aka yi kasuwar kaka a zauren coci, muka shiga Anti tana dogara sanda, tana cewa bari mu je mu yi wa Charlene barka da teburinta na farko. Muna isa ta tsaya cak. Akwatuna sun fi goma a jere, kowanne da 'yar fitila a ciki, kowanne da karkataccen rubutun Kawu.

Charlene ta yi dariyar yaƙe ta ce "Ah Glenda, kin samu fitowa? Ga kofi nan, ki sha."

Anti ta ce "Hannun wa ke nan?"

"Haba ke kuwa, magana ce mai daɗi, mutane suna so. Ai ban sa sunansa ba."

"Ke kika riƙe ni a maƙabarta, Charlene. Ke."

"To ai shi ya sa, na ga kamar karrama shi ne."

Wata mata tana riƙe da ɗaya tana cewa zai yi kyau a barandarta. Anti ta karɓe a hankali, ta buɗe bayan, ta zaro reza daga jaka, dama ba ta rabuwa da ita saboda aiki, ta hau kankare rubutun. Charlene tana "kin haukace ne, kayana ne fa!" Anti ko ɗago kai ba ta yi ba. Ɗaya bayan ɗaya, tana tsaye a kan ƙafa mai ciwo, reza tana ƙara a gilashi. Da ta gama ta ce "Nawa suka fita?" Charlene ta ce bakwai, kuma wai ba ta san mutanen ba.

Tun ranar Anti ba ta buɗe gareji ba. Ta ce ba ta iya kallon nata ma, tunda rubutun yana rataye a gidajen da ba su san Vernon ba.

Don Allah in kin saya ko kin gani a gidan wani, a dawo mata da gilashin, ba faɗa, za ta yi miki wani da hannun naki mutumin. Ku tura wa kowa, ku tura wa 'yan coci da na garuruwan gefe, bakwai ne kawai.