Sabon Rediyon Chacha Fazaldad

A tasharmu ta motocin haya masu hawa garin Murree na kan duwatsu daga Rawalpindi, kowa ya san idon tsohon direbanmu Chacha Fazaldad ya fara tafiya, in ban da mutanen gidansa. Mu direbobi muka rufa masa asiri. Lodin rana muke bar masa, in gajimare ya sauko kan duwatsu wani ya shige gabansa da fitila a kunne, shi kuma ya bi. Ran da ɗansa Tanwir ya ji, ran nan zai karɓe makulli, Chacha kuwa tun yana saurayi bai san wani wurin zama ba sai bayan sitiyari.

Mutum ne mai taurin kai da son a ce ya iya. Ko mai suyar gurasar paratha sai ya yi wa gyara. Hanyar nan ya haddace ta, kwana da rami, har yakan ce ko a cikin barci zai kai fasinja. Mukan yi dariya, amma ni dai tsoro nake ji.

Ana haka rediyon motarsa ya mutu, daidai lokacin da Tanwir ya zo hutu daga Maskat, kuɗi na yi masa ƙaiƙayi a aljihu. Ya rantse sai ya sa wa mahaifinsa sabo. Chacha ya ja ni muka bi Tanwir shagon Ustad Nazakat mai sayar da rediyon mota, wai in taya shi zaɓe. Na san mai kare masa yake nema.

Ustad ya jera rediyoyin a kan tebur, kusan duka masu allo ne, sumul kamar faranti. Chacha ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ya taɓo wani tsohon yayi a gefe.

"Wannan nake so, mai abin murɗawa."

"Haba Chacha, wannan ai sa'anka ne," in ji Ustad. "Ko ɓarawo ya gan shi sai ya bar maka sadaka."

"Waƙa zan ji ko sinima zan buɗe?"

Na sa baki na ce allo shagala ne a kan dutse. Tanwir ya ce, "Abbaji, mai allon yana da kyamara, kana zaune kana ganin bayanka. In koma Maskat a ce na saya maka tsohon kaya?"

Chacha bai iya musu da wannan ba. Aka ɗaura mai allo.

Ustad yana da yadda yake saita kyamara, kuma alfahari yake da shi. Yakan tsaya bayan mota da bango a bayansa, mai mota ya yi baya har jan layin allo ya taɓa gwiwarsa. Ya je ya tsaya, ya buga but.

"Taho, Chacha. Jan layi na taɓa ni ka taka birki."

Na ce bari ni in gwada, Chacha ya harare ni. Ya sa giya, ƙafarsa na kan birki, ya ƙura wa allo ido. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Tanwir na gefensa yana kallo, ya daina murmushi.

"Abbaji, ga layin nan."

Chacha ya kashe mota. Ya leƙa ta taga ya ce, "Ustad, fita daga nan, kana da 'ya'ya." Ya zare makulli ya ɗora a cinyar ɗansa.

Tanwir ne ya tuƙa mu gida. Ba wanda ya taɓa rediyon. Chacha na baya kusa da ni, ya riƙe ƙarfen ƙofa, ni kuwa tausayinsa ya hana ni kallonsa. Muna shiga unguwarsu ya gyara zama.

"Shekara da shekaru ina ɗora mutane a kujerar nan," ya ce, "ba wanda ya taɓa gaya min haka take da tauri."