Mai Kitson da Ke Yi wa Yara Raɗa

Shagonta ɗaki ɗaya ne a ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da robobi. A ciki akwai madubi mai tsaga a gefe, da benci, da kujera 'yar tsuguno, da gwangwani cike da tsinkayen kitso. Kowa Anti Mai Kitso yake ce mata, har waɗanda suka yi jika da ita.

Wata ɗabi'arta ce ta daɗe tana ɗaure min kai. Duk yarinyar da ta zauna a gabanta, kafin ta tsaga kai sai ta sunkuya ta bayanta, ta toshe mata kunne ɗaya da yatsa, ta yi raɗa a ɗayan, sannan ta sauya. Da fari na zaci addu'a ce. Na tambayi 'yata a hanya, ta ce, "Umma, kalma take faɗa, ni kuma in maimaita. Yau 'agwagwa' ta ce, da 'cokali'."

Ranar da haƙurina ya ƙare na tambayi Anti da kanta. Ba ta ɗago daga kan da take kitsawa ba.

"Kin san 'yata mai ɗinki a bakin titi? Ba ta ji. Ni kuwa sai da ta shekara takwas na sani."

Ta ce tana da ƙuruciya ta auri direban babbar mota, wanda kan yi wata guda bai kwana gida ba. Yarinyar tana jaririya kunnenta ya yi ta zubar da ruwa, maƙwabta suka ce haƙori ne, a goge da auduga. Da ta tasa, a kira ta ta yi banza, a aike ta gishiri ta kawo ashana.

"Na ɗauka raini ne. Na dake ta, 'yar uwa, wallahi na dake ta."

Wata ma'aikaciyar asibiti da ta zo kitso ce ta lura yarinyar baki take kallo in ana magana. Da suka je wurin likita, ya ce an makara.

Ina nan wata safiya sai ga wata tsohuwa mai sayar da ganye, tana jan hannun jikarta 'yar shekara shida. Uwar yarinyar ta rasu, uban yana aiki can nesa.

"Ga ta nan, Sarauniyar Taurin Kai," in ji tsohuwar. "Malaminsu ma ya gaji da ita."

Anti ta kitsa rabin kai, sannan ta tuna ba ta yi abin da ta saba ba. Ta yi raɗa a dama, shiru. Ta yi a hagu, yarinyar tana wasa da zaren rigarta.

"Iya, kunnenta ya taɓa yin ruwa?"

"Kitso na kawo, ba duba ba. So kike ki ce jikata kurma ce?"

Ta fizge yarinyar suka fita, rabin kai a tsefe.

Na ɗauka magana ta mutu. Washegari na iske shagon a kulle, mai gyaran waya ya ce Anti ta tafi ƙarasa kitso. Ashe gidan tsohuwar ta nema, kuma ba ita kaɗai ta je ba, da 'yarta mai ɗinki. Daga baya Anti ta ba ni labari: ba ta yi wa'azi ko ɗaya ba. Ta zauna tana kitso a tsakar gida, mai ɗinkin kuma tana hira da tsohuwar, tana karanta bakinta, tana amsawa da muryarta mai ɗan nauyi. Can mai ɗinkin ta ce, "Iya, ni ba a kai ni da wuri ba. Ita a kai ta."

Tsohuwar ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi.

Likita ya sami tsohon ciwo a kunnuwan jikar duka biyu. Aka sha magani, aka yi ƙaramin aiki. Hagu ya dawo sarai, dama rabi-rabi. A makaranta aka mai da ita bencin gaba.

Na tambayi Anti yara nawa ta gano haka. Ta ce bakwai cikin shekara goma sha ɗaya. Huɗu datti ne kawai ya toshe musu kunne. Iyayen yara biyu sun yi fushi, ba ta sake ganinsu ba, kuma har yanzu takan tambayi maƙwabtansu labarin yaran.

Tsohuwar kuwa ta zama 'yar gida a shagon. Kwanan baya na same ta a kan benci tana kai ƙarar jikar.

"Yanzu ba a isa a yi gulma a gidan nan ba. Jiya na ce maƙwabciyata ba ta iya miya ba, kafin in rufe baki ja'irar ta kai mata."

"To kin je kin ba da haƙuri, Iya?" in ji Anti.

"Haƙurin me? Ai ba ta iya ba ɗin."