Mutum Ɗaya, Babu Mota

Aikina a lokacin shi ne haɗa kan ƙungiyoyin agaji masu kula da mutanen da 'yan bindiga suka koro zuwa cikin Katsina. Haɗin kan a baki yake. Kowa da motarsa, kowa da takardarsa, kowa da ubangidan da yake kai wa rahoto.

Wata Talata na je Ƙofar Guga wajen wata mata da ta yi wata biyu a hannun mutanen daji. Da ta kuɓuta, kawunta ya ba ta ɗaki, tana karɓar magani a asibiti. Aka shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa, na yi mata jaje. Ina zaro takarda daga jaka sai ta riƙe mini hannu.

"Hajiya, ke ce ta biyar," in ji ta. "Kowa ya zo da farar mota sai in faɗa mashi tun daga farko. Yara su kewaye motar, maƙwabta su leƙo. Jiya a bakin famfo wata ta janye ɗiyarta daga kusa da ni. In aka ƙara zuwa, wallahi gida za ni."

Gida fa! Ƙauyen da aka ɗauke ta, inda ko kemis babu, ga magani ba ta gama sha ba. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na mayar da takardata jaka, ko harafi ban rubuta ba.

Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya a kusa. Ban jira taron ƙarshen wata ba, washegari na tara shugabannin ƙungiyoyin a ofis. Na ce daga yau mutum ɗaya ne zai riƙa zuwa wajenta, babu mota, babu riga mai tambari. Shi zai faɗa mana abin da take buƙata. Abin da ya same ta kuwa, nata ne.

Wani Alhaji a cikinsu ya gyara hula. "Hajiya, manyanmu na Abuja ba sa karɓar bayani sai daga bakin mai shi."

"To ranka ya daɗe, su taso daga Abujar su zo su zauna mata a tabarma mana! Mace ta fito daga bala'i, mu kuma mu yi layi, kowa ya kware gyambon ya leƙa? Haba!"

Na buga tebur har ruwa ya zube masa a takardu. Sai bayan sati na ba shi haƙuri, shi ma don ruwan ne kawai.

Muka zaɓi wata nas, Kirista 'yar kudancin Kaduna, wadda Katsinancinta ya fi nawa. A Keke Napep take zuwa, da gyale da ledar lemo, kamar mai zuwa zumunci. Ta dawo ta ce katifa ake so, wannan ƙungiya ta kawo. Ta ce magani ya kusa ƙarewa, waccan ta nemo. Alhajin nan ya yi ta bugo mini waya kusan wata guda a kan in bar mutanensa su je wajen matar, ni kuma na kafe.

Kada in yi ƙarya, ni ma abin ya ci ni. Ran nan na ce da nas ɗin, "Wai ni kam, me suka yi mata ne a dajin?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Hajiya, ba ke kika kafa dokar ba?"



Matar ba ta koma ƙauye ba, ta kuma gama shan maganinta. Bara na gan ta wajen Ƙofar Durbi tana suyar awara, ta yi ƙiba, tana ta faɗa da wata mai saye a kan yaji. Na tsaya na saya. Ba ta gane ni ba, ni ma ban tuna mata ba.

Har yau ban san abin da aka yi mata a dajin nan ba. A duk aikin da na yi, da wannan nake bugun ƙirji.