Igiya a Jakar Busasshen Kifi

Shekarar da na fara aikin sare rassan bishiyoyi a Bronx, ogana ya ce in sayi jaka mai kauri ta ajiye igiyar hawa, irin ta masu sana'ar. Na ce a raina iyayi ne kawai. Na ɗauko jakar ledar da yayata ta kawo busasshen kifi a ciki daga Kumasi, na cusa igiyata, na jefa a ɗakin ajiyar benenmu a unguwar Parkchester.

Ranar Litinin ina can ƙololuwar bishiya, sai na ji wani kaushi a jikin igiyar. Na duba. Ashe ɓera ya bi ƙarnin kifi ya gaigaye fiye da rabinta, 'yan zaruruwa ne kawai ke riƙe da ni. Na ƙanƙame reshe har ogan ya hau da wata igiyar ya sauko da ni.

Bai yi mini faɗa ba. Ya yanke wurin da ɓeran ya ci, ya miƙo mini. Har yau in na ji ƙarnin kifi, sai tafin hannuna ya jiƙe da gumi.